Ofishin lauyoyin da ya tsaya mana a Gadarif ranar da aka kawo gawar ɗan yayata

Na daɗe ina jan ƙafa a kan wannan rubutu, domin magana ce ta jini, kuma shari'ar tana gaban kotu har yanzu. Amma tun da muka tashi daga zaman makoki mutum uku cikin 'yan uwanmu Hausawa, biyu a nan Gadarif da ke gabashin Sudan, ɗaya daga Kassala, suka tambaye ni ko ofishin lauyoyin da muka ɗauka ya cancanci kuɗin da muka biya shi, sai na ga gara in ba da amsar sau ɗaya, dalla-dalla. Ba zan ambaci sunan ofishin ba, haka nan ofishin 'yan sanda da asibitin da muka bi ta cikinsu, saboda ina da ƙorafi a kan kowannensu, kuma bai dace in ɗora wa mutum laifi da sunansa a inda ba zai iya kare kansa ba. Abin da zan bayyana ya isa mutum ya auna kowane ofishi irinsa kafin ya damƙa masa maganar mamacinsa.

Ɗan yayata yana da shekara 24, kuma tun yana ɗan shekara 16 yake fita aikin kaka a manyan gonakin da ke kudu da Gadarif, waɗanda muke kira mashru'i, inda ake yankan riɗi a biya mutum gwargwadon hillar da ya tsayar, wato tarin damman riɗin da ake jingina su a tsaye su bushe. A tsakiyar Oktoba 2024, da la'asar sakaliya, boksin gonar, wato motarsu a-kori-kura, ta tsaya a ƙofar gidanmu ɗauke da shi a naɗe cikin bargo. Wakilin mai gonar ya sauko ya yi mana ta'aziyya cikin ladabi, ya ce yaron ya je ɗiban ruwa a hafir, wato tafkin da aka haƙa don tara ruwan sama, da dare ya zame ya faɗa, sai da gari ya waye abokan aikinsa suka gan shi. Ya zo da sabon likkafani da buhun sukari da wasu kuɗi da ya ce ragowar haƙƙin marigayin ne, sannan ya ba da shawarar a sallace shi kafin magariba tun da ya kwana a ruwa kuma rana ta riga ta taɓa shi. Babu wanda ya ga aibun shawarar, domin an rene mu a kan cewa suturar mamaci ita ce a gaggauta kai shi makwancinsa, kuma kafin rabin sa'a samarin unguwa sun ɗauki diga da shebur sun nufi maƙabarta.

Ni da limamin unguwarmu muka shiga yi masa wanka. Da na tallafo kansa don liman ya zuba ruwa, sai na ji yatsuna sun nutse a bayan kunnensa na hagu, wurin da ƙashi ya kamata ya tare su, kuma da muka juya shi muka ga wani dogon shaci mai duhu a gadon bayansa kamar kwancin sanda. Yaron nan a Maiurno ya yi ƙuruciyarsa, a bakin Bahar Azrak, wato kogin Nilu Shuɗi, kuma ruwan da ya saba ratsawa da ninƙaya ya ninka kowane hafir. Liman ya ajiye butar ya ce, "Malam, kira yayarka tukuna." Ɗan fari ne a wurinta, ba ta taɓa kiran sunansa ba tun da ta haife shi, kuma ranar ma ba ta kira ba. Ta dube shi ta daɗe, sannan ta ce da ni, "Kada ku rufe mini yaron nan sai an gaya mini abin da ya kashe shi."

Wani malamin makaranta maƙwabcinmu ne ya ba ni lambar ofishin. Lauyoyi biyu ne, namiji da mace da muke kira Ustaz da Ustaza, waɗanda suka baro Madani a Disamba 2023 lokacin da yaƙi ya ci garin, suka kama ɗaki biyu a wani bene kusa da kasuwa, tare da wani saurayi mai kai musu takardu. Yabon farko da zan yi musu shi ne Ustaza ta ɗauki wayar baƙo bayan magariba, kuma kafin ta yi maganar kuɗi ta gaya mini abubuwan da zan yi nan take: a dakatar da wankan, kada a wanke ko a yar da rigarsa da wandonsa da bargon, a shanya su a inuwa maimakon a cusa su jiƙe cikin leda su ruɓe, a ɗauki hoton kowane rauni da akwatin ashana a gefensa don a gane girmansa, a rubuta lambar boksin da sunayen waɗanda suka zo cikinta, kada kowa ya yi wa wakilin gonar baƙar magana, kada kuma kowa ya sa hannu a wata takarda. Ba a cika sa'a guda ba ta sauka daga raksha, wato babur mai ƙafa uku, a ƙofar gidanmu, ta wuce wajen mata ta gaida yayata, sannan ta fito wajenmu. Duk abin da muka samu daga baya a kan waɗannan 'yan umarni na waya ya ginu, kuma da gari ya waye yaron yana cikin ƙasa da ba mu da komai a hannu sai zargi.

A ofishin 'yan sanda na fara ganin amfanin tafiya da wanda ya san doka. Jami'in da muka tarar ya saurare mu, ya yi mana ta'aziyya, ya ce tun da babu wanda ya ga an doke shi, kuma mu kanmu ba mu da wanda muke tuhuma, abin da ya fi sauƙi shi ne likita ya cika Urnik 8, wato fom ɗin 'yan sanda na rahoton likita, a ba mu izinin binnewa mu tafi. Ustaza ba ta ɗaga murya ba. Ta tuna masa da sashe na 51 na dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 1991, wanda ya ce idan labari ya zo cewa an tsinci gawar mutum, ko wani ya kashe kansa, ko ya mutu a wani hatsari, wajibi ne jami'in da ke kan aiki ya rubuta rahoto ya miƙa wa niyaba, wato ofishin masu gabatar da ƙara na gwamnati, ya kuma tafi inda gawar take ya binciki sanadin mutuwar, ko da shi kansa bai yi zaton an aikata laifi ba. Ni dai na rayu shekara da shekaru a ƙasar nan ina jin rediyo na cewa an buɗe balagi, wato fayil ɗin ƙara a wajen 'yan sanda, ƙarƙashin sashe na 51, ban taɓa fahimtar cewa ma'anarsa dangin mamaci ba sai sun kawo wanda suke zargi ba kafin hukuma ta motsa. A daren aka buɗe balagin, da safe kuma Ustaz ya shiga wajen wakilin niyaba, na ji yana cewa, "Maulana, umarnin tashrihi muke nema, kuma muna roƙon a rubuta cewa dangi za su sa wakilinsu." Kafin azahar takardar umarnin tashrihi, wato buɗe gawa don gano sanadin mutuwa, ta fito.

Wahalar da ta fi ta 'yan sanda a cikin gida take. Da dattawanmu suka ji za a buɗe cikin yaron, ransu ya ɓaci ƙwarai, kuma ban ga laifinsu ba. Wani baffanmu da ya haura shekara 80 ya kawo hadisin da ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye, ya kawo umarnin gaggauta jana'iza, ya ce ajali ne ya zo, kuma yankan gawa ba ya dawo da rai. A nan Ustaz ya yi abin da ban zata daga lauya ba. Ya cire takalmi ya zauna a ƙasan tabarma, ya ce, "Ya Haj, maganarka gaskiya ce, kuma malamai sun duba ta." Ya bayyana cewa majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmi ta duniya da ke Makka, a zamanta na 1987, ta halatta buɗe gawa idan ana binciken laifi kuma alƙali ba zai gane sanadin mutuwa ba sai ta wannan hanya, da sharaɗin a tsaya iyakar buƙata kuma a binne dukkan sassan jikin. Liman ya ɗora da labarin Abdullahi ɗan Sahlu, sahabin da aka tsinci gawarsa a Haibara ba a san wanda ya kashe shi ba, yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya saurari danginsa, ya gabatar musu da rantsuwa 50 ta ƙasama, daga ƙarshe ya biya diyyar raƙuma 100 don kada jininsa ya tafi a banza. Baffa ya yi shiru, sannan ya ce a je, amma a dawo da shi da wuri. Na san ofisoshin da da takardar niyaba kawai za su ɗaga wa tsoho su wuce, kuma da an yi haka da gidanmu ya rabu biyu har yau.

A mashraha, wato ɗakin binciken gawa na asibiti, muka kwana muka yini muna jiran likita. Lokacin kwalara ta cika asibitocin Gadarif da Kassala, ga 'yan gudun hijira daga Jazira da Sinnar a ko'ina, wuta kuma tana ɗaukewa ta daɗe, har sai da muka sayi sandunan ƙanƙara da kuɗinmu aka jera a jikinsa. Ustaza ta zauna tare da mu a barandar, riƙe da wani kundi na Larabci da aka buga a na'ura, gefensa duk ya lanƙwashe don yawan buɗawa. Kundin Minesota ne, ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na binciken mutuwar da ake jin ƙila ba bisa haƙƙi ta auku ba, wanda aka fara fitarwa a 1991 aka sabunta shi a 2016. Daga cikinsa ta tsamo abubuwan da ta roƙi likita a rubuce: a ɗauki hoton kowane rauni da ma'auni a gefensa, a duba ƙarƙashin fatar kai da ta baya ko akwai jinin da ya kwanta, a duba ƙarƙashin farce, a bayyana ko raunin ya samu ne yana da rai ko bayan ya cika, kuma duk abin da aka ɗiba daga jikin a rufe shi a rubuta hannun da ya karɓa da lokacin da ya karɓa. Ta kuma samo mana wani likita da ya yi ritaya ya shiga a madadin dangi, tun da babu ɗayanmu da zai iya tsayawa ya kalla.

A wannan zaman jira ne ta fahimtar da ni abin da nake ganin ya fi komai daraja cikin aikin da suka yi mana. Na ce mata, "Ustaza, mun gode wa hukuma da ta taimake mu." Ta ce in daina kiransa taimako, domin bashi ne a wuyan gwamnati. Sudan ta shiga yarjejeniyar duniya ta haƙƙoƙin farar hula da siyasa tun 1986, kuma sashe na 6 na yarjejeniyar ya ce doka za ta kare ran kowane mutum. Kwamitin da ke kula da yarjejeniyar ya yi dogon sharhi a kan wannan sashe a 2018, sharhi mai lamba 36, inda ya ce kare rai ya haɗa da bincikar duk mutuwar da ake jin ta saɓa wa doka, ko ma'aikacin gwamnati ne ya jawo ta ko wani mutum can, kuma ƙin yin binciken kansa tauye haƙƙin rai ne. Hukumar haƙƙin ɗan Adam ta Afirka da ke Banjul ta faɗi makamancin haka a 2015. Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa aikin gona nesa da gari: idan mai sanda ya san cewa duk wanda aka tsinta a hafir za a ce ya zame ne a binne shi kafin magariba, to dokar da ta hana kisa ba ta isa wannan gonar ba. Kundin ya gindaya wa binciken sharuɗɗa, cewa a yi shi da gaggawa, a zurfafa shi yadda zai iya kaiwa ga gano mai laifi, masu yin sa kada su kasance ƙarƙashin wanda ake zargi, kuma a riƙa sanar da dangi halin da ake ciki tare da kare su daga barazana. Idan kuwa mutum a hannun hukuma ya mutu, a kurkuku ko a ɗakin tsaro, nauyin ya ƙara tsanani, domin a lokacin gwamnati ce za ta kawo hujjar cewa ba ta da hannu.

Mu mutanen gabashin Sudan ba sai an je da mu nesa ba kafin mu gane wannan. Ahmad al-Khair, malamin makaranta a Khashm al-Girba, ya rasu a hannun jami'an tsaro a farkon Fabrairu 2019, kuma bayanin farko da hukuma ta bayar shi ne guba ya ci a abinci. Danginsa sun ga jikinsa sun ƙi yarda, binciken niyaba ya tabbatar da cewa duka da azabtarwa ne suka kashe shi, kuma ranar 30 ga Disamba 2019 wata kotu a Omdurman ta yanke wa jami'ai sama da 25 hukuncin kisa. Haka Baha'uddin Nuri, wanda aka ɗauke a Kalakla a Disamba 2020 ya mutu a hannun Da'amus Sari, wato dakarun RSF: rahoton likita na farko bai nuna laifin kowa ba, dangi suka ƙi karɓar gawar, da aka sake dubawa sai aka samu raunuka. A duka biyun, abin da ya buɗe ƙofar gaskiya shi ne wasu 'yan uwa da suka tsaya a bakin mashraha suka ce ba za su ɗauka ba tukuna. Yayata ba ta san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, amma abin da suka yi ta yi.

Mun binne shi kwana biyu bayan an kawo shi. Rahoton likita ya nuna ƙashin kansa ya tsage, jini ya kwanta ƙarƙashin fata da cikin ƙoƙon kai, alamar cewa zuciyarsa tana bugawa lokacin da abin ya same shi, kuma shacin bayansa na abu ne dogo mai tauri. Ustaz ya ja hankalina cewa likita yana faɗin abin da ya kashe mutum ne, amma gano hannun da ya yi aikin masu bincike ne. Da wannan rahoto niyaba ta mayar da balagin zuwa sashe na 130 na dokar laifuka, wato kisan ganganci, aka kama mai gadin rumbun gonar da wani mutum guda.

Daga nan ne ƙorafina yake farawa, kuma zan faɗe shi kamar yadda na faɗi yabon. Na farko, saurayin ofishin ya kai wa 'yan sanda rigar marigayin da bargon ba tare da ya tsaya an shigar da su cikin yaumiya, wato littafin da 'yan sanda ke rubuta bincike a cikinsa, an ba shi shaidar karɓa ba. Bayan wata guda da aka nemi rigar, bargon kaɗai aka samu. Ofishin da lauyarsa ta zauna tana karanta wa likita yadda ake rubuta hannun da ya karɓi kowace shaida bai kamata ya tura yaro shi kaɗai da abu mai wannan nauyi ba. Sun amsa kuskurensu ba tare da kwana-kwana ba, kuma hotunan da muka ɗauka a daren farko sun ɗan rufe ɓarakar, amma rigar ta tafi.

Na biyu ya fi ciwo. Ba a je gonar ba sai bayan kwana tara. An ce babu mai a motar 'yan sanda, ofishin lauyoyin ya yi ta rubuta takardar tuni yana jira, mu kuma ba a gaya mana cewa abin da ya tsayar da tafiyar ke nan ba sai a kwana na bakwai, da muka ji muka haɗa kuɗin man da kanmu. Duk wanda ya san aikin riɗi ya san cewa kwanaki kaɗan ne, domin da ya bushe yake tsagewa ya zube, kuma da an gama 'yan jangu, wato 'yan ƙwadagon kaka, suke watsewa, wasu su nufi yankan dawa a wata gona, wasu su tsallaka Habasha. Cikin mutanen da suka kwana a bukka ɗaya da shi biyu kawai aka tarar, bakin hafir ɗin kuma shanu sun tattake shi. Na yarda cewa ba dangin mamaci ne ya kamata su sayi man motar hukuma ba, kuma na fahimci Ustaz da ya ce ba ya son ya koya wa jami'ai cin kuɗin masu makoki, amma zaɓin namu ne, kuma da an gaya mana a rana ta biyu da mun sayar da akuya mun biya.

Na uku shi ne harshe. Babu mai jin Hausa a ofishin, yayata kuwa Larabcinta na kasuwa ne, bai kai na takardar kotu ba. Ita ce uwa, tana cikin waliyyan jini waɗanda doka ta ba su ikon neman ƙisasi ko karɓar diyya ko yafewa, amma duk bayanin ta bakina yake bi, kuma na san akwai wuraren da na sassauta mata magana don tausayi alhali haƙƙinta ne ta ji ta yadda take. Gari kamar Gadarif, inda Hausawa suka yi zuriya bayan zuriya, ba a rasa ɗalibar shari'a 'yar Hausa da za a ɗauka ko da na rabin yini ne. Ga kuma shirun da suke yi: sai mako uku ya wuce ba kira ba saƙo, sai na hau benen da ƙafata in tarar ashe an ɗaga zama ko an canja mai bincike. Mutanen da suka koya mini cewa sanar da dangi sharaɗi ne a kan gwamnati ya kamata su fara cika shi a kansu.

Inda suka sake samun girma a idona shi ne lokacin judiya, wato sulhun gargajiya na dattawa. Bayan sadakar arba'in mai gonar ya turo ajawid, dattawa masu mutunci tare da wani umda, wato basaraken gargajiya, suka zo da maganar sulhu da diyya, da sharaɗin mu janye. Ofishin bai zuga mu mu ƙi ba, bai kuma tura mu mu karɓa ba, ko da yake da mun karɓa da sun samu kasonsu sun huta. Ustaza ta zauna da yayata, ina fassarawa, ta bayyana mata cewa diyya halal ce kuma haƙƙinta ce, cewa ko ta yafe ƙisasi kotu tana iya ɗaure mai laifi saboda haƙƙin jama'a, kuma cewa sulhun da aka yi kafin a san wanda ya yi dukan da wanda ya sa aka jefa gawar a ruwa sulhu ne a kan abin da ba a sani ba. Yayata ta ce a gaya wa dattawa ta gode, ba ta rufe ƙofa ba, amma sai ta ji daga bakin alƙali yadda aka yi. Ustaz ya isar da wannan amsa cikin lafazin da bai kunyata kowa ba, har umdan ya yi mana addu'a kafin ya tashi.

Wajibi ne kuma in yi musu adalci a kan abin da ya fi ƙarfinsu. Lauya ba ya kama mutum, ba ya buɗe gawa, ba ya tilasta wa shaida zuwa kotu. Iyakarsa ya ƙwanƙwasa ƙofar waɗanda doka ta ɗora wa yin haka, ya kuma rubuta ranar da ya ƙwanƙwasa. A ƙasar da kwamitin Nabil Adib, wanda aka kafa a 2019 don binciken kisan masu zaman dirshan na 3 ga Yuni a Khartum, bai fitar da sakamakonsa ba har yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, ba abin mamaki ba ne fayil ɗin ɗan ƙwadago ya yi barci a kan tebur. Mu Hausawa kuma muna da namu tabon, domin rikicin jihar Nilu Shuɗi na Yuli da Oktoba 2022, a Rusairis da Wad al-Mahi da kewayensu, ya ci ɗaruruwan rayuka, kuma iyalai da yawa sun binne nasu ba likita ba takarda. Irin wannan ne ya sa mutanenmu suke gudun ofishin hukuma, suna tsoron a bar maganar mamaci a koma tambayarsu raƙam waɗani, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, da asalin kakanninsu. Ustaza ta sa mun tafi da takardunmu cikakku tun daren farko don kada a samu hanyar karkatar da zancen, kuma sau ɗaya da wani ya fara tambayar daga ina iyayenmu suka zo, ta ce masa da Larabci cewa sashe na 51 gawar ɗan Adam ya ce, bai ce gawar ɗan wace ƙabila ba.

Game da kuɗi, sun raba shi kashi biyu, na matakin niyaba da na matakin kotu, kuma na farkon ya yi daidai da abin da marigayin yake samowa a kaka mai kyau. Mun biya ta Bankak, manhajar banki ta waya, a karo uku, ba su taɓa matsa mana ba, kowane biya kuma da rasiɗinsa. Abin da ba su faɗa mana tun farko ba shi ne ƙananan kashe-kashen da ke biyo baya, na hatimi da kwafin takardu da ladan likitan da ya wakilce mu da kuɗin motar shaidu, waɗanda da aka tara su sun kusa rabin kuɗin aikin. Wanda zai je wurinsu ya nemi a rubuta masa waɗannan tun ranar farko, ya nemi a sa ranar da za a riƙa kiransa ko da babu sabon labari, ya tafi da wanda zai fassara wa uwa ko matar mamacin ba tare da ragi ba, kuma duk abin da zai miƙa wa hukuma ya tsaya a gabansa a rubuta.

Ga masu tambayata uku, amsata ita ce na'am, zan sake ɗaukarsu, kuma na riga na ba mutumin Kassala shawarar ya nemi irinsu a garinsa tun kafin ya taɓa gawar ƙaninsa da ruwa. An sa mana zama na gaba bayan ƙaramar salla, inda za a saurari likitan da ya yi tashrihin da ɗaya daga cikin yaran nan biyu da suka kwana bukka ɗaya da shi. Ɗayan ya koma ƙauyensu, Ustaz ya samo lambar wani ɗan uwansa yana bibiya. Yayata ta ce wannan karon za ta shiga ɗakin kotun da kanta, kuma mun samu wata jikar liman da ke karatun shari'a wadda za ta zauna kusa da ita tana mayar mata da kowace magana cikin Hausa.